Ƙanƙarar Inna da Zazzaɓin Mota

Na shiga motoci a ƙasashe da dama, amma ban ga wadda ta riga masu azumi shan ruwa ba sai 'yar ƙaramar motar Baba.

Wata la'asar cikin azumin bazara muka sayo wa kakata Inna ƙanƙara. A cinyata aka ɗora ta cikin buhu, tana jiƙa mini wando. Muna isa Gawon Nama motar ta yi tari ta mutu.

Baba ya ɗaga bonet, ya dafa wani ɗan ƙarfe, ya janye hannu da sauri.

Na leƙa na ce, "Baba, mi ya same ta?"

Ya ce, "Zazzaɓi. Famfon mai ya yi zafi, man ya koma tururi. Miƙo ƙanƙarar nan."

"Ta Inna ce fa!"

"In mun zauna nan, duk narkewa za ta yi."

Ya fasa rabi da sifana, ya naɗe a tsumma, ya ɗora kan famfon kamar yadda ake yi wa goshina. Har yau ina jin ƙamshin nan na fetur da jiƙaƙƙen tsumma. Na tsura ido in ga ko mota ma tana gumi.

Can ya murɗa makulli, ta tashi.

Abin da muka kai gida bai fi dunƙulen hannuna ba. Inna ta jefa shi cikin fura, ta gama jin labari, ta ce, "Wato mota ta riga ni. To gobe sai ita ta dama muku hura."