Ranar da Muka Buga da Ƙasar Umma

Rediyon Baba ba shi da eriya, wayar keke ya ɗaura masa. Shi muka kewaye a zaurenmu na Jakara ranar da Najeriya ta buga ƙwallo da Nijar.

Ummata 'yar Maraɗi ce. Da safe yaran layinmu suka rantse mini cewa in muka ci Nijar, duk 'yan can za su yi fushi su koma gida. Ni kuwa na yarda. Kowa a zauren yana roƙon Allah ya ba mu sa'a, ni kaɗai nake roƙon kada a ci kowa.

Bayan la'asar mai sharhi ya ƙwala ihu, Najeriya ta zura. Zauren ya kaure, ni na fashe da kuka.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Baba, yanzu Umma tafiya za ta yi?"

Ya rage muryar rediyon, ya ɗora ni a cinya. "Kakanka a kan jaki yake kai fata Maraɗi tun ba a san boda ba. Ƙwallo ce za ta raba mu?"

Sai ga muryar Umma daga tsakar gida: "Ku yi ta murna, Kanawa! Yau dai miyarku ba nama."

Ban taɓa cin tuwon da ya kai na ranar daɗi ba. Ko da aka rufe boda ina babba, gabana bai faɗi ba. Umma na ɗaki, tana yi mana tsiya.