Ƙofar da Kunya Ta Toshe

To, Sallau, na ji Alhaji ya danƙa maka kula da shagunansa na bakin tasha, har ka fara tafiya kana ɗaga kafaɗa. Allah ya taya riƙo. Amma zauna tukuna in ba ka wani misali, don ni ba na yi wa mutum barka da fatar baki kawai.

An yi wani dattijo da ke kula da wani gidan shaguna, shago arba'in a zagaye, fili a tsakiya, ƙofa ɗaya tal. Da gangan magini ya bar ƙofar nan da faɗi, ya bar hanya har tsakar fili, don motar kashe gobara ta shiga ranar da ba a fata. Dattijon nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Kaɗaici ne ya yi masa yawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu aure da neman abinci sun kai su nesa, ɗakin da yake kwana sai a yi wata ba a yi masa sallama ba. Iyakar abin da ya rage masa na mutane shi ne gaisuwar 'yan kasuwa da safe. Da ita yake karya kumallo, wallahi.

Ran nan wani mai goro ya durƙusa ya ce, "Baba, ɗan wurin da zan aje faifaina, nan gefen ƙofa." Ya dubi faifai, ya dubi faɗin hanya, ya ga ai ba komai. Mai goro ya zama abokin hira. Bayansa mai gyaran agogo ya zo da tebur, sai mai shayi da bencinsa, sai wata bazawara mai sayar da atamfa, wadda ta yi masa kuka har shi ma ya share hawaye. Kowa ya zo da "Baba" a baki, shi kuwa bakinsa ya yi nauyin cewa a'a. Yana tsoron ranar da zai zauna a ƙofa a wuce shi ba a ce masa ci kanka ba. In wani mai shago ya yi ƙorafin hanya ta matse, sai ya ce ai tebur ne, in ranar ta zo ɗagewa za a yi. Kai ka san halin mutanenmu. Tebur ya samu rumfa, rumfa ta samu kwano, kwano ya samu ƙofar ƙarfe da daɓen siminti. Cikin shekara shida hanyar mota ta koma lungun da ɗan dako ke bi a karkace.

Wata Talata bayan la'asar, wani tela a can ƙuryar gidan ya zuba wa janareto mai yana aiki. Wuta ta kama yadi, daga yadi ta hau silin. Aka kira 'yan kwana-kwana, kuma abin mamaki, suka zo da wuri, tankinsu cike da ruwa. Mota ta tsaya a bakin ƙofa tana jiniya, ba hanya. Dattijo ya ruga yana roƙo a ɗage, a ɗage! Me za a ɗage? Siminti? Aka shiga neman guduma a maƙwabta. Da aka samo, mai agogo ya tsaya gaban rumfarsa ya ce a fara da ta mai shayi, mai shayi ya ce shi ya riga kowa kashe kuɗin gini. Ana wannan ja-in-ja, aka ja mesar ruwa ta lungun, ta ƙare saura taku ashirin ta kai ga wuta. Haka ruwa ya yi ta zuba a ƙasa, mutane na kallon dukiyarsu tana ci. Kafin magariba shago arba'in sun zama toka. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma rumfunan bakin ƙofa, ko hayaƙi bai ɓata su sosai ba.

Ba wanda ya zagi dattijon nan, Sallau, da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Masu shaguna suka watse neman inda za su fara daga farko, in sun hango shi sai su sauya hanya. Masu rumfa kuwa, da kasuwa ta mutu, suka kwance kwanonsu suka koma wata unguwa, ko sallama babu. Na gan shi da idona bayan wata biyu, zaune kan bulo a bakin ƙofar, da tarin makullai a cinyarsa, na ƙofofin da babu su. Na yi masa sallama, ya ɗago kai ya daɗe yana kallona kafin ya amsa, kamar ya manta yadda ake yi. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Saboda haka gobe da safe ka je ka tsaya a ƙofar shagunan Alhaji, ka auna hanyar da ƙafarka. Duk abin da ka tarar a kanta, ka tashe shi tun yana tebur. Za a ce ba ka da kirki, wasu za su daina gaishe ka, kuma zai yi maka ciwo. Ka haƙura da wannan ciwon. Hausawa ba su faɗa a banza ba: ba a fafe gora ranar tafiya.