Mahauci da Noti na Uku

Tun da ka ce kai ba ka son kowa ya sa maka hannu a lamarinka, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon mahauci a Jalingo. Allah ya yi wa mutumin nan hannu: tafinsa kamar faifai, kowane yatsa ya kai taɓarya, har ana cewa in ya mari bijimi, bijimin ba ya jiran wuƙa. Yana da tsohuwar mota, yana kuma da tsohuwar mata wadda sanyin ƙashi ya tanƙware mata yatsu, in sanyi ya shige su sai ta kwana uku ko cokali ba ta iya riƙewa. To, sai autarsu da ke aure a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ta yi haihuwar fari a tsakiyar damina, lokacin da sanyin wajen kan sa shayi ma ya nemi bargo. Matar mahauci kuwa sai ninke zannuwan goyo take tana warwarewa. Shi ya san abin da ke ranta: ta je suna, ta yi wa jikarta wanka da hannunta. Ya kuma san in ta hau tsaunin nan a mota mai sanyi, za ta isa da yatsu a ƙage, sai dai ta kalli jaririya a hannun wasu. Ga shi injin fankar da ke huro ɗumi cikin motar ya daɗe da mutuwa. Da ya kai wa mai gyara, sai mai gyara ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ɗumi ake nema a Jalingo, garin da ƙadangare ke tafiya yana ɗaga ƙafa saboda zafin ƙasa. Mahauci ya ji haushi, ya sayo injin na hannu a kasuwar kayan gyara, ya rantse shi zai sa da kansa, kuma ba zai gaya wa tsohuwa ba sai ta ji ɗumi a jikinta.

Ana gobe tafiya, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya cire wayar batir, ya yi bisimilla kamar zai yanka rago. Ya ɓalle aljihun gaban mota, ya zare waya, ya kwance noti uku, ya zaro mataccen injin tare da sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa cikin mudu. Duk abin da ya fito sai ya ajiye shi kashi-kashi a tabarma, yadda yake kasa nama. Kafin hantsi ya gama, yana ta yi wa masu gyara tsaki. Abin da bai tuna ba shi ne, shekara arba'in yana fiɗa, ba a taɓa cewa ya mai da rago yadda yake ba. Da kyar da gumi sabon injin ya zauna, noti biyu suka shiga. Na ukun kuwa gurbinsa na can cikin wani lungu mai kwana, wanda doguwar sukudireba ta iya kwancewa amma sai yatsa ya riƙe shi kafin ya kama. In babu shi, fanka sai ta yi ta kaɗawa tana gurzar gidanta kamar injin markaɗe. Mahauci ya tura hannu, hannu ya ƙi. Ya kwanta, kai a ƙasa, ƙafafu a kan kujera, duk a banza. Sai dabarar sana'a ta zo masa, ya shafe hannun da kitse don ya zame. Hannun bai zame ba, notin ne ya koyi zamewa, ya faɗi sau goma sha tara kafin la'asar.

A haka tsohuwa ta same shi da kwanon fura, ta tsaya tana kallon tafin ƙafarsa ta taga.

"Baban Auta, sallar ce ta koma haka, ko mota ce ta haɗiye ka?"

"Koma ciki, tsohuwa, aikin maza ne."

"To namiji, matsa in ga abin da ya kayar da kai."

Ta goge notin da gefen zaninta, ta ɗora shi a kan yatsan nan nata na tsakiya, wanda ciwo ya lanƙwasa kamar lauje, wanda ta saba ɓoyewa cikin mayafi in an yi baƙi. Yatsan ya bi kwanar lungun tamkar da shi aka auna ta. Ta cije leɓe saboda zafi, ta riƙe, shi kuma ya murɗa a hankali, bai taɓa yi wa wani abu sannu haka ba. Noti ya kama. Bai ce ta yi ƙoƙari ba, ita ma ba ta tambayi don wa ake gyaran ba. Ya dai riƙe hannun cikin tafinsa ya daɗe bai saki ba, wai yana duba ko kitse ya taɓa ta.

Washegari suka hau tsauni cikin yayyafi, hazo ya rufe hanya, fanka na huro ɗumi, ita kuma ta ware yatsunta a bakin iskar kamar mai jin wuta. Suna isa Gembu, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce a ɗora ruwa. Ta karɓi jikarta, ta yi mata wanka, yarinya ko motsin tsoro ba ta yi ba, don hannun da ya ɗauke ta da ɗuminsa. Mahauci kuwa yana zaure yana ba surukai labarin yadda ya gyara mota, da aka tambaye shi ko shi kaɗai, sai ya ce su biyu ne. Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.