Babban Kifin Take So

"Wancan nake so," in ji matar, tana nuna wani dogon kifi mai faɗin baki da ya laɓe a bayan dutse.

Mai shagon kifin ado ya dube ta sama da ƙasa, ya taɓe baki. Ga wata kuma! Irin masu shigowa da ƙamshin turare, kai fanko, suna zaɓen kifi kamar masu zaɓen takalmi.

"Hajiya, akwatin gilashin naku, yaya girmansa?"

"Madaidaici ne. Na maigidana ne."

"To wannan ya fi ƙarfinsa." Ya ja maganar kamar mai koya wa yaro karatu. "Ga ƙananan danginsa can, ba sa wuce tsawon yatsa, su suka dace da madaidaici. Wannan kuwa sai ya kusa tsawon hannu, kuma mafarauci ne. Duk abin da ya shiga bakinsa ya tafi kenan."

"Duk?"

"Duk. Ko ƙaya ba za ki gani ba."

"Har 'yan jajayen nan masu jela kamar mayafi?"

Ya yi dariyar raini. Wasu dai sai an tauna an ba su a baki.

"Da su zai karya kumallo, Hajiya."

Sai a lokacin ta yi murmushi.

"Ranar da na haihu, maigidan bai leƙo asibiti ba. Wai yana canza wa 'yan jajayen kifayensa ruwa." Ta gyara goyon da ke bayanta. "Sa min shi a leda. Kuma kada ka ba shi abinci."