Oga Tsirkiya Ya Sauya Jita

Waƙa ta biyu ba ta kai rabi ba wata mata ta toshe wa jaririnta kunne, ta suri jakarta ta bar lambun otal ɗin. Oga Tsirkiya bai gan ta ba. Idonsa a rufe yake, ƙafa ɗaya kan lasifika, yana karkaɗa kai yana yakushin jar jitarsa ta lantarki kamar ta yi masa rashin kunya.

Abin da ke fitowa kuwa sai wanda ya ji. Sautin ya rabu biyu. Ɗaya mai daɗi, irin wanda aka saba ji duk yammacin Asabar. Ɗayan kuma ya hau kansa, kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti.

Da aka tashi, manajan otal ya ja Anti mai waƙa gefe, ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata. In abin bai gyaru ba, akwai wasu makaɗan da ke jiran wurin. Wurin nan kuwa shi ke riƙe da gidajensu duka.

Oga bai ga laifin kowa ba sai na jitar. Mutum ne fa da ya raɗa wa kansa suna, ya sa aka rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin motar ƙungiya. Motar tasa ce, lasifikokin nasa ne, janareton ma nasa. Don haka in yana bayani kan kiɗa, kowa gyaɗa kai yake yi. Ko da Baba Kunne, tsohon mai haɗa musu sauti, ya faɗo daga tsani ya karye, Oga bai nemi shawarar kowa ba. Mijin ƙanwarsa mai gyaran rediyo ya ɗauko ya ɗora kan na'urar haɗa sautin. Surukin nan bawan Allah ne, ba ya ha'inci a aiki. Duk wayar da ya gani sai ya jona, duk maɓallin da ya gani sai ya ɗaga, duk abin da ya ji kuma sai ya kai wa matarsa.

Oga ya kai jitar wurin mai gyara, ya ce wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin suna gogar ƙarfe. Mai gyara ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya ɗan murɗa sandar da ke cikin wuyan, ya ɗaga tsirkiyoyin kaɗan, ya sa sababbi. Ya miƙa masa wayar lasifika ya ce ya gwada. Oga ya ja tsaki.

"Ni za ka ce wa in gwada? Gwaji ai na 'yan koyo ne."

Ranar Asabar abin ya ma fi na da muni. Nan take Oga ya yanke hukunci: kamfanin ne ya lalace. Ya tara 'yan ƙungiya a bayan mota ya yi musu lacca, wai masu tambarin mikiya yanzu da katakon akwatin tumatir suke ƙera jita, masu tambarin zaki su ne maza. Mai fiyano, wani siririn mutum da idonsa ba ya barin yatsun Oga in ana wasa, ya buɗe baki zai yi magana. Anti ta taka masa ƙafa.

Aka sayo baƙa mai tambarin zaki. Ita kuwa Allah ya yi mata murya. Tana farawa karen maƙwabta ya shiga amshi, masu girki suka rufe tagar kicin, wani dattijo ya bar shayinsa ya tafi ko waiwaye babu.

"Ku saurara da kyau mana," in ji Oga bayan an tashi. "Kiɗana yana nan a ƙasa, garau, ba ku ji ba? Jitar ce ke ƙara nata haukan a sama."

Mai ganga ya kama tari har da hawaye.

Oga ya zagi masu zaki, ya zagi wanda ya sayar masa, ya zagi zamani. Ya yi odar fara fat, mai maɓallai na zinare, ya rantse in ita ma ta ba shi kunya ya bar kiɗa, ya kwashe motarsa da lasifikokinsa kowa ya kama gabansa. Anti ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba.

Asabar ɗin ƙarshe, manaja ya ja kujera ya zauna a gaba, ya harɗe hannu. Anti ta aiki suruki can ƙarshen gari sayo wata waya, a shagon da ba ya buɗewa ranar Asabar. Yana fita tasi ta tsaya, aka fito da Baba Kunne da sanduna biyu, ƙafa a naɗe. Ya zauna gaban na'ura, ya taɓa abu ɗaya tak, ya jingina.

Oga ya rufe ido ya kai wa farar jita hannu.

Wayyo daɗi! Sauti ɗaya, tas, kamar ana zuba ruwan sanyi a maƙogwaro. Masu girki suka buɗe taga. Manaja ya warware hannu har yana buga ƙafa. Oga ya durƙusa a kan dandali, ya ɗaga jitar sama ya sumbace ta.

Da aka tashi ya nufi tsohon yana haki.

"Baba, ka ji kamfani ko? Tun farko na gaya wa jahilan nan."

"Na ji, ranka ya daɗe. Wannan kam kada ka sake ta."

Oga ya wuce yana karɓar gaisuwa. Mai fiyano ya yarfe hannunsa na dama da ya gaji, ya mayar da na'urarsa daga muryar jita zuwa muryar fiyano. Baba Kunne kuma ya yaga sabon salatif ya manne maɓallin jitar Oga da ke kan na'urar haɗa sauti a can ƙasa, a kashe, inda yake zaune tun ranar da Oga ya shigo ƙungiyar da motarsa.