Mai Riƙe Igiya

Ruwan kogin Zambezi ya fara janyewa, 'yan kwale-kwale suka zauna tsara fitar Asabar, ta farko a bana. Kowa yakan zaɓi wanda zai tsaya masa kan dutse da igiyar ceto.

Namakau ta ce, "Sitali zai riƙe min."

Mubita, wanda danginsa za su kai shanun aurenta ran Lahadi, ya ɗago kai. "Ni fa?"

"Kai? Bara da na kife, tsayawa ka yi da igiya a hannu."

"Jira nake ki matso."

"Ina shan ruwa ina kallon idonka, jarumi."

Ya ce, "To, Lahadi fa?"

Ta ɗauki hular kwanonta. "Ka ce wa kawunka shanun su koma kiwo. Shi ma ya jira in matso."