Kalmar da Baba Okoro Ya Raɗa Mini

Wata Lahadi bayan an tashi coci, babana da maƙwabta suna kacici-kacici a gindin mangwaro a Kafanchan. Dokarsu ɗaya ce: yaren da aka yi tambaya, da shi ake amsawa.

Babana ya jefo nasa da Jju, yarenmu, ya dube ni. Na san amsar, ƙwai ne, amma Hausa kaɗai ta zo bakina. Idona ya cika da hawaye. Sai Baba Okoro, ɗan Ibo ma'aikacin reluwe, ya raɗa mini kalmar a kunne.

"Faɗa da ƙarfi, yarinya. A bakin kakarki na koya."

Na faɗa, aka tafa mini. Har yau, duk sanda kalmar ta fito bakina, da karin harshensa take fitowa, kuma ban taɓa son gyarawa ba.